Numfashi na Arba'in da Biyu

4 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Kawunki ne mai gyaran rediyo, idan ba ki manta kina da shi ba. Ina fata kina lafiya, ƙirjin nan naki kuma bai tashi ba. Mu nan sai godiya. Ni gwiwa ce ke yi mini tsiya, matata tana gaishe ki, kakarki kuma tana nan yadda kika bar ta, ido babu, baki kuwa sai abin da ya ƙaru.

Kin san ni ba mutumin takarda ba ne, rabona da wasiƙa tun ina neman aure. Amma wata biyu ke nan ina buga lambarki, wata yarinya ce ke ɗauka ta ce, "Kanari tana aiki, a bar saƙo." Na ce mata ni ban san wata Kanari ba, Auta nake nema, jikar gwaggona. Ta ce ba su da mai wannan suna. Shi ne na sa telan da ke gefen shagona ya kwafo mini adireshin kamfaninku daga ƙarshen bidiyonki.

Waƙarki ta "Takalmin Aro" ta hana mu sakat. Duk rediyon da aka kawo mini a mace, da na ɗiga masa dalma ya farfaɗo, ke ce abin da zai fara faɗa. Jiya mai wanki ya dawo da nasa, wai in duba ko wani abu ya maƙale a ciki, tasha uku ya murɗa duk ke ce. Tela kuma ya nuna mini bidiyon, kina tafe a kan gada cikin jar riga, takalmi a hannu. Na yi alfahari, ba zan ɓoye miki ba. Har na faɗa wa mutanen da ba su tambaye ni ba cewa a gidanmu kika tashi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na zaɓi rediyo mafi kyau a shago, na kai wa kakarki ɗaki, na ajiye kusa da kunnenta. Ta saurara daga farko har ƙarshe ba ta motsa ba. Da aka gama sai ta ce, "Yarinyar ta iya waƙa. 'Yar wa ce?"

Na ce, "Gwaggo, jikarki ce. 'Yar Butarki." Kin dai tuna sunan da ta laƙaba miki tun kina ƙarama, lokacin da asma ke sa ƙirjinki fito kamar butar shayi.

Ta ce, "Kai dai je ka gyara rediyonka."

Na ɗauka wasan kaka da jika ne, amma sau uku ina sa mata, amsar ba ta canza ba. Yanzu kullum sai ta tambaye ni me ya sa kika daina kira. Ki buga mata waya, Auta, ko na minti biyu ne. Wanda ba ya gani, murya ce fuskar da ya sani.

Kawunki

13 ga Maris

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, na karanta ta har sau huɗu, na yi dariya a kan mai wanki. Ina lafiya, ƙirji bai tashi ba sosai. Allah Ya ba gwiwa sauƙi. Ka gaishe mini da Inna matarka, ka ce wa Kaka ƙawarta tana gaishe ta, kuma ta daina yi mini rowar yabo.

Ka ce ka yi alfahari, to bari in ba ka abin ƙarawa a shago. Kamfani ya ba ni ɗaki a hawa na shida, da kujeru farare waɗanda nake tsoron zama a kansu. Akwai taga babba daga ƙasa har sama, ana ganin rabin gari, sai dai ba ta buɗewa. Na nemi marfinta na rasa, an ce haka aka yi ta saboda na'urar sanyi. A ƙofar gidan akwai mai gadi da littafi, in zan fita sai ya rubuta, in na dawo ya rubuta. Wayata da shafukana duk suna hannun ofis. Yarinyar da ka yi magana da ita, ita ce ni a can. Ita ke gaishe da masoya kowace safiya, kuma an ce ta fi ni iya magana.

Makon jiya muka ɗauki bidiyon sabuwar waƙa, "Lema Ɗaya". Za ka ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, to kada ka yarda, wani mutum ne a kan tsani da tiyo. Sau goma sha bakwai ina tahowa daga ƙarshen titi zuwa gaban kyamara, darakta yana cewa a sake, wai murmushina bai kai ido ba. Rigar ta jiƙe har ta fi ni nauyi. Da aka gama, mai kwalliyata ta naɗe ni da tawul biyu tana zagin kakannin mai tiyo. Wannan matar ita ce mutum ɗaya da nake da ita a nan, kuma ita ce za ta jefa mini wannan takarda a gidan waya.

Game da kira, Kawu, ka yi haƙuri. A yanzu ba zan iya magana da kowa ba, ko da Kaka ce. Kada ka tambaye ni dalili, an ce kada ya fita. Zuwa ƙarshen wata komai zai wuce, zan kira ta mu yi hira har kunnenta ya gaji. Ga babban hotona na talla na haɗo, ka manna a shago.

Idan za ka amsa, kada ka aika ofis, ta farkon ma da sa'a ta iso hannuna. Ka rubuta ta hannun mai kwalliya, ga adireshinta a baya.

'Yarka,
Auta

20 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, in ban da kakarki da abinci ya fara gundurar ta. Wasiƙarki ta iso, kuma zan faɗa miki gaskiya ban ji daɗinta ba.

"Ba zan iya magana da kowa ba, ko da Kaka ce." Na karanta layin nan na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Yau matar da ta goya ki daga ranar da uwarki ta rasu ita ce ta shiga cikin "kowa"? Kina da lokacin taka titi sau goma sha bakwai a cikin ruwan tiyo, ba ki da minti biyu. Sai kuma kika aiko wa gidan makauniya da hoto. Na ba ta ta shafa, ta ce takardar tana da santsi, ta miƙo mini abina. An ce in ka ga wata ya yi haske, ka tuna akwai daren da babu shi. Kuma ofis ɗin zan aika wannan, ni ba na shiga gidan 'yata ta ƙofar baya.

Na zauna na karanta mata wasiƙarki tsaf, har da taga da mai gadi. Ta ce, "Ka iya tsara magana. Takarda ai ba ta da murya."

A nan dole in faɗi abin da ba na son tunawa, don ke kina da shekara biyu a lokacin. Da uwarki ta rasu a asibiti can nesa, dangi suka ce a ɓoye wa Gwaggo tukuna saboda hawan jininta. Ni aka ɗora wa aikin. Kwana goma sha ɗaya ina shiga ɗakin nan ina ce mata an yi aiki, ana samun sauƙi, tana gaishe ki. Ta yafe wa kowa, amma tun daga ranar, in na ce mata rana ta fito sai ta miƙa hannu ta taga ta ji da kanta.

Na ce mata, "To ga waƙa, ai kin ji ta da kunnenki."

Ta ce, "Shekara goma sha bakwai kunnena yana kan ƙirjin yarinyar nan. Wannan ta cikin akwatinka ta yi waƙa minti huɗu ba ta ja numfashi ko sau ɗaya ba. Mai rai yana numfashi."

Na koma shago na sa kunne, ni ma ban ji ba. Na ce mata haka waƙoƙin zamani suke, rikicin tsufa ne kawai ke damun ta.

Kin san al'adarta ta safe. In ta idar da salla sai ta zauna bakin gado ta ambaci mamatanta ɗaya bayan ɗaya tana nema musu rahama, daga mijinta har uwarki. Shekara da shekaru su bakwai ne, ina jin ta ta bango ina shan shayi. Ranar Talata ta ambaci takwas. Na ajiye kofin, ban iya ƙarasa shi ba.

Ki kira. Ba roƙonki nake yi ba, umarni ne, in har ina da sauran wannan matsayi.

Kawunki

10 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Kusan wata guda ke nan kullum ina duban hannun mai kwalliya in ta shigo, babu komai. Na san fushi kake yi, kuma kana da gaskiya. Ni kuwa ba ni da lafiya, yau zan daina yi maka ƙarya.

Ba ni da murya, Kawu. Tun ƙarshen bara ta fara dishewa. Wasa ake yi kwana biyar a mako, in na ce maƙogwarona yana zafi sai a ba ni ruwan ɗumi a tura ni dandamali. A watan Fabrairu likita ya leƙa ya ga wasu ƙuraje a kan igiyoyin murya, aka yi mini tiyata. Ya ce wata guda ba magana, ba raɗa, ko tari in yi a hankali. Manajan kamfani ya ce in labarin ya fita an gama da Kanari, ya nuna mini layin da na sa wa hannu a yarjejeniya. Abin da nake nufi ke nan da na ce ba zan iya magana ba. Na ɓoye maka ne don na san kunnen Kaka, da kalmar asibiti ta shiga gidan nan ba za ta sake barci ba.

Aiki kuwa bai tsaya ba. "Lema Ɗaya" da kuke ji, ban rera ta ba. Injiniyan situdiyo ne ya tsinto gutsattsarin abin da na rera bara, ya ɗinke su a kwamfuta. A bidiyo leɓe kawai nake motsawa. A dandamali ma haka, ana sa waƙar a na'ura, ni ina riƙe da makirfon da aka kashe. Mutum dubu suna rera waƙata da ƙarfi, ni kaɗai ce a wurin ba na rerawa.

Saura kwana uku wa'adin likita ya cika, muna tsakiyar wasa sai na'urar ta ɗauke. Wuri ya yi tsit, ana kallona. Na waiga, Manaja yana gefe yana juya hannu, wai in yi wani abu. Aka kunna mini makirfo, na ɗaga murya na gaishe da jama'a. Kalma biyar na faɗa. Kafin in sauka na ji ɗanɗanon jini a bakina.

An sake tiyata ranar uku ga wata. Wannan karon mako shida ne, zuwa tsakiyar Mayu. Likitan ya rufe ƙofa ya ce mini, "In ya sake fashewa, ba ni da sauran abin ɗinkewa. Ba waƙa kaɗai ba, har gaisuwa za ta gagare ki."

Yanzu da ɗan littafi da biro nake yawo. Abin dariyar shi ne babu wanda ya lura da bambanci sosai, dama ba a cika tambayata ba. In na zauna gaban tagar nan ina kallon motoci, tsoro nake ji, Kawu. Ina kewar gida, ina kewar warin dalmar shagonka, har faɗan Kaka nake kewa.

Ka yafe mini. Ka rubuto ko zagi ne.

Auta

16 ga Afrilu

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ya jikin? Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Wannan ta hannun mai kwalliya na aiko, girman kai ya ishe ni haka.

Ashe ba ki ga wasiƙata ta ashirin ga Maris ba. Ofis na aika ta don taurin kai. Rabinta zagi ne da ba ki cancanta ba, in kin same ta ki tsallake farkon. Na karanta layinki a karkace, na ɗauka ɗaukaka ce ta hau miki kai, alhali kina can da wuya a ɗinke. Na ji kunya ƙwarai.

Amma akwai abin da ke cikinta da dole ki sani. Kakarki ta sa ki cikin mamatanta na safe. Ta ce mai waƙar rediyo ba ta numfashi, don haka ba ke ba ce, kuma ni ɓoye mata nake yi kamar yadda na yi lokacin uwarki.

Da takardarki ta zo na ce to ga gaskiya ta samu. Na shiga na ce, "Gwaggo, an yi wa Auta aiki a wuya, tana samun sauƙi, tana gaishe ki." Sai da maganar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Kalmomin da na yi mata shekarun baya ne, ko ɗaya ban canza ba. Ta juya fuska bango ta ce, "Allah Ya jiƙan ta. Kwana nawa za ka yi wannan karon?"

Tun ranar cokali uku take ci ta ture kwano. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba ta, ta ce jikin babu wani sabon ciwo, zuciya ce ta saki. Kakarki kuma ta sa an naɗe katifarki an ɗora kan kabad.

Za ki ga na rubuta wani layi a nan na soke. Cewa na yi ki kira ki faɗi kalma ɗaya. Kada ki yi. In kika rasa muryarki saboda ni, ba ni da fuskar da zan kalle ki. In kuma tsohuwar nan ta tafi a haka, ban san yadda zan yi da kaina ba. Na gyara rediyo shekara talatin, wannan kam ban san wayar da zan haɗa ba. Ko za su bar ki ki zo, ko na yini ɗaya, ta shafa fuskarki?

Kawunki

22 ga Afrilu

Kawu,

Sallama. Jiki da sauƙi, ɗinki yana kamawa. Ka duba cikin ambulan da kyau kafin ka yar, akwai ɗan katin memori naɗe a tsiren takarda.

Na samo wasiƙarka. A ofis akwai buhuna na wasiƙun masoya da ba mai buɗewa, ni da mai kwalliya muka zazzage uku a ƙasa kafin na hango rubutunka. Ban tsallake farkon ba, na karanta duka.

Na tafi wurin Manaja na rubuta masa a littafina cewa kakata ba ta da lafiya, ina neman kwana biyu. Ya ce ranar Asabar akwai ɗaukar bidiyo, an riga an kama wuri, mako mai zuwa kuma wasa uku. Na rubuta, kwana ɗaya. Ya ce, "In kika je unguwarku kina nuni da hannu kamar bebiya, kafin la'asar duniya ta ji. Ki bari a gama waƙa shida da suka rage." Ya ce zai sa a aika mata da kwandon 'ya'yan itace da sunan Kanari. Mai gadi kuma an ce masa kada in fita sai da motar kamfani.

Na koma ɗakin kwalliya na ɗauki wayar matar nan, na danna lambarka har ta fara shiga. Na buɗe baki. Ta fizge wayar ta kashe, ta ce, "In kin yi magana yau, da me za ki gaishe ta ranar da kika je?" Na yi kuka, shi ma ba sauti, don likita ya hana.

Sai na sake karanta maganar Kaka, ta numfashi. Kawu, ba rikicin tsufa ba ne, gaskiya ta faɗa. A situdiyo in an gama rera waƙa, injiniya yana bin ta layi layi yana yanke duk inda mawaƙi ya ja iska. Na wasu yakan rage kaɗan, nawa kuwa duka yake cirewa saboda fiton nan. Manaja ya taɓa cewa ba a sayar da asma. Kwana biyu cur yake yi a kan kowace waƙa tawa.

Na sauka wurinsa. Mutum ne marar magana, kullum da abin sauraro a wuya. Na rubuta masa ko in kira gida in yi numfashi kawai a waya. Ya ce waya tana ɗaukar numfashi a matsayin hayaniya, gogewa take yi. Na rubuta, waɗanda ka yanke fa, ina suke? Ya daɗe yana kallona, sannan ya buɗe wani wuri a kwamfuta. Ashe ba ya zubar da komai. Na "Takalmin Aro" guda arba'in da ɗaya ne, ya jera su a jere.

Na nuna masa wasiƙarka. Da ya gama karantawa ya ce, "Waɗannan na bara ne. Tsohuwar da ta kama ni ba za ta yarda da tsohon kaya ba. Shiga ciki." Na shiga ɗakin rera waƙa, karo na farko tun Fabrairu, na tsaya gaban makirfo na ja numfashi ɗaya mai tsawo na sake shi. Ya ɗora shi a ƙarshe.

Doka ce ba a fitar da abin da ba a gyara ba daga situdiyo, aikinsa zai iya tafiya a kan wannan. Ya sa katin a tsakiyar littafina ya rufe, ya ce shi bai ga komai ba.

Na saurara kafin in naɗe. Shekara biyu ina jin Kanari a ko'ina, yau ne na ji kaina, kuma na ji tausayin yarinyar.

Kada ka yi mata bayani, ka san ba za ta yarda da kai ba. Ka sa mata kawai.

Auta

28 ga Afrilu

'Yar Buta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, matata tana gaishe ki, tana kuma gaida mai kwalliya da mutumin da bai ga komai ba.

Katin ya iso ranar Laraba da hantsi. Na rufe shago, abin da ban taɓa yi ba ranar aiki, har tela ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na zaɓi rediyo mai cin kati, na canza masa lasifika da wadda nake ɓoyo, na goge ta da hannun riga. Na shiga ɗakin, kakarki tana kwance fuska a bango, kwanon safe yana nan ba a taɓa ba. Ban ce uffan ba. Na ajiye a kan kujera na danna.

Ni dai abin da na ji iska ce, ana ja ana ja, da ɗan fito siriri a ƙarshen kowace. A na uku ta ɗaga kai daga matashi. A na shida ta juyo. Kafin a kai na goma ta tashi zaune da kanta, matar da sai an ɗaga ta, tana lalube da hannu har ta kama rediyon ta ɗora a cinya.

Da aka zo na ƙarshe, dogon nan, sai ta riƙe nata numfashin har ya wuce. Ta ce, "Sake."

Sau tara ina sakewa. A na taran ta ce in tsaya, ta ce, "Waɗancan na farko tsofaffi ne, kuma ba ta shaƙar maganinta yadda ya kamata. Wannan na ƙarshen sabo ne. Iskar tana gogar wani abu a wuya, da babu shi. Wuƙa ta taɓa wurin." Sannan ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ta ce, "Ashe wannan karon gaskiya ka faɗa."

Shekara goma sha tara ina jiran wannan magana, Auta. Na fita tsakar gida na tsaya wurin famfo kamar mai wanke hannu, don kada matata ta ga idona.

Da rana ta ci rabin kwano, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ta sa an sauko da katifarki. Rediyon kuwa ya zama nata, ta hana ni mayar da shi shago, kuma in waƙarki ta zo a tasha cewa take a kashe wannan baƙuwar a sa mata jikarta.

Washegari na zauna da shayina jikin bango. Ta ambaci mijinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har uwarki. Bakwai. Ta tsaya a nan, na shanye shayina.

Ba zan ce miki ta warware ba, jikin ya riga ya zube, ƙafafun ba sa ɗaukar ta zuwa ƙofa. Ga saƙonta, yadda ta faɗa nake rubutawa. Ta ce ki rufe bakinki gam har ranar da likita ya ce, ko wa ya juya miki hannu. Ta ce ki riƙa shaƙar maganinki. Ta ce za ta yi ƙoƙari ta jira tsakiyar Mayu, amma ba ta yi alkawari ba, don ba a hannunta yake ba.

Har na tashi zan fita ta kira ni. Ashe wasiƙarki ta farko da ta ce ni na tsara, babu abin da ya wuce ta a ciki. Ta ce, "Yarinya mai asma, a ɗakin da taga ba ta buɗewa. Wa ke riƙe da makullin tagar?"

Na ce mata ban sani ba. Ta ce to in rubuta in tambaya.

Ga shi na tambaya.

Kawunki